Tafiya Hutu Ƙasar Waje Alhali Ana Maganin Haihuwa: Yaushe Ta Dace, Yaushe Take Zama Kasada?



Akwai wata shawara da kusan duk ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri suka taɓa ji, ko dai daga bakin gwaggo, ko aminiya, ko abokin ciniki a kasuwar Aboabo: "Ku cire abin daga ranku, ku yi tafiya ku sha iska, za ku ga rabo ya zo." A da, tafiyar ba ta wuce a je Yendi ko Salaga wajen dangi a yi mako biyu. Yau kuwa mutanen Tamale sun saba da jirgin sama, tun ba ma daga shekarar 2016 ba, lokacin da aka fara kwashe alhazai daga filin jirgin garin kai tsaye zuwa ƙasa mai tsarki. Masu ɗan hali suna zuwa Umra, 'yan kasuwarmu maza da mata suna zirga-zirga tsakanin Dubai da Istanbul da Alƙahira, wasu kuma bakin teku suke nufa a Lome ko Abijan. Sai tambaya ta taso a gidaje da yawa: matar da take tsakiyar shan magani ko karɓar allurai a hannun likitan haihuwa, ya dace ta ɗauki jaka ta tafi hutu?

Kafin amsa, bari mu fara da nauyin da ake son saukewa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na baligai a duniya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Bambancin yana wajen yadda jama'a suke ɗaukar abin. A wurinmu, amarya ba ta cika shekara ba an fara kallon cikinta. Duk ranar suna a unguwa, ranar jarrabawa ce gare ta: ta je ta sha habaici, ta ƙi zuwa a ce baƙin ciki take yi. Wani bincike da masana na Jami'ar UDS suka gudanar a Asibitin Koyarwa na Tamale, aka buga shi a 2014, ya duba mata 100 masu neman haihuwa, ya tarar 62 daga cikinsu suna da alamun ciwon damuwa, kuma gwargwadon daɗewar jira, gwargwadon tsananin damuwar. Wannan adadi na garinmu ne, matan Sabonjida da Lamashegu da Zango da ƙauyukan kewaye. Wanda ya san haka ba zai kira neman hutu almubazzaranci ko sangarta ba.

Sai dai akwai gyara a cikin shawarar gwaggo. Ita tana nufin damuwa ce ta hana cikin shiga, don haka in an huta zai shiga. Masana sun bi diddigin wannan magana. A shekarar 2011, Farfesa Jacky Boivin ta Jami'ar Kadif da abokan aikinta sun tattara bincike 14 da suka shafi mata 3,583 da aka yi wa aikin haihuwa na asibiti, suka ga cewa matan da suka shiga aikin cikin fargaba da tashin hankali sun samu ciki daidai da waɗanda suka shiga hankalinsu kwance. A ganina wannan bushara ce babba, domin ta sauke wa mace laifin da ake ɗora mata na cewa ita ta hana kanta da yawan tunani. Amma kuma ta nuna cewa iskar teku ba ta buɗe bututun ƙwai da ya toshe, ba ta narkar da ƙarin mahaifa, ba ta kuma ƙara yawan ƙwayoyin maniyyin namiji. Hutu maganin zuciya ne da gyaran zama tsakanin miji da mata, kuma wannan kaɗai ya isa dalili. Wanda ya tafi da niyyar ya dawo da ciki a matsayin tsaraba, in bai samu ba, ya dawo da damuwa biyu.

Kalandar likita ita ce mai hukunci

Ba duk masu neman haihuwa ne suke mataki ɗaya ba, kuma amsar tambayarmu ta dogara ga matakin da ake. Waɗanda suke matakin gwaje-gwaje, ko matar da aka ɗora a kan ƙwayoyin da ke sa ƙwai ya nuna, irin su Clomid, tafiya ba ta cika yi musu cikas ba, matuƙar an daidaita ranakun ɗaukar hoton ciki. Hasali ma tana iya taimakawa ta wata fuska da ba a cika faɗa ba saboda kunya: maigidan da kullum yake kan hanyar Kumasi ko Techiman da kayan doya da hatsi, sau da yawa ranakun da likita ya ƙayyade sukan wuce ba ya gida. Tafiya tare tana haɗa su a ɗaki ɗaya a lokacin da ake bukata. (A nan ya kamata a ja kunnen masu sayen wannan ƙwaya a kemis ba da takardar likita ba, su yi ta sha wata bayan wata. Likitoci kan ƙayyade ta ne zuwa kimanin wata shida.)

Maganar takan canza idan aka kai ga babban aikin, wato haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji sannan a mayar cikin mahaifa, abin da likitoci suke kira IVF, mu kuma muke cewa dashe. An haifi jaririya ta farko ta wannan hanya, Louise Brown, a Ingila ranar 25 ga Yuli, 1978, a Gana kuma an fara samun nasararsa a 1995 a asibitin Pro Vita da ke Tema, a hannun Dakta Joe Mainoo. Har yanzu mafi yawan cibiyoyin wannan aiki suna kudu, a Akra da Tema da Kumasi. Ke nan mutumin Tamale tun kafin ya yi zancen ƙasar waje, ya riga ya zama matafiyi: fiye da kilomita 600 zuwa Akra, yini guda ko kwana a mota, ko kimanin awa ɗaya a jirgi ga mai kuɗin tikiti.

Shi wannan aiki yana da tsari wanda ba ya karɓar uzuri. Ana fara allurai kullum na tsawon kwana 8 zuwa 14 domin ma'ajiyar ƙwai ta nunar da ƙwai da yawa a lokaci guda. A cikin waɗannan kwanaki likita yana son ganin matar duk bayan kwana biyu ko uku, ya ɗauki hoto, wani lokaci ya auna jini, ya ƙara ko ya rage allura. Sannan a yi allura ta ƙarshe, wadda ake ƙidaya mata awanni: kimanin awa 36 bayanta ake ɗebo ƙwai. In aka makara, ƙwan ya fita da kansa. In aka yi sauri, bai nuna ba. A ranar ɗebowa kuma ana bukatar maigida da kansa, sai fa in an riga an adana nasa a ƙanƙara. Bayan kwana uku ko biyar a mayar da tayin cikin mahaifa, sai a shiga jiran kusan mako biyu kafin gwajin ciki. Daga allurar farko zuwa ranar dashe, babu zancen hutu a wata ƙasa. Wanda ya sayi tikiti a wannan tsakani, ko dai ya yi asarar tikitin, ko ya yi asarar aikin, kuma aikin ya fi tikitin tsada nesa ba kusa ba.

Makonni biyun nan na jira su ne inda ra'ayi yake rabuwa, domin su ne mafi nauyi a zuciya, kuma su ne lokacin da mace ta fi son ta ɓace daga idon jama'a. A sani cewa hawa jirgi ba ya girgiɗe tayi, kuma bincike ya nuna kwanciya a gado kwana da kwanaki bayan dashe ba ta ƙara komai. Abin tsoron wani ne daban. Alluran nan sukan sa ma'ajiyar ƙwai ta kumbura fiye da kima a jikin wasu mata, musamman masu ƙuruciya da waɗanda aka ɗebi ƙwai da yawa a jikinsu. Ciki ya kumbura, amai ya taso, fitsari ya ragu, numfashi ya yi wuya. Mai tsananin yakan sami kimanin mace 1 cikin 100, yana iya bayyana 'yan kwanaki bayan ɗebo ƙwai, ko kuma ya jinkirta sai cikin ya kama. Wannan yanayi yana sa jini ya yi kauri, zaman jirgi na fiye da awa huɗu kuma shi ma yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Daga Akra zuwa Istanbul ko Dubai kuwa awa bakwai zuwa takwas ne. Haka nan akwai cikin da yake zama a wajen mahaifa, wanda ba a gane shi sai da hoto a makonnin farko, kuma in ya fashe aikin gaggawa ne. A yi tunanin wannan ya faru a garin da ba a jin harshensu, ga inshorar tafiya wadda galibi ba ta biyan abin da ya taso daga maganin haihuwa.

Saboda haka lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin a fara zagayen allurai, ko tsakanin zagaye da zagaye, ko bayan wanda bai yi nasara ba, lokacin da likita da kansa yakan ce a bar jiki ya huta wata ɗaya ko biyu. Akwai kuma sauƙin da zamani ya kawo: ana iya ɗebo ƙwai, a haɗa, a adana tayin a ƙanƙara, a dawo dashe bayan wasu watanni. Ga masu son tafiya, wannan tazara ita ce ƙofarsu.

Umra da abin da ya kamata a sani

Mafi yawan gidajenmu idan aka ce ƙasar waje, Makka da Madina zuciya take nufa, kuma babu wurin da mai neman zuriya zai fi son kai kukansa. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya roƙi magaji bayan furfura ta cika kansa, da na Annabi Ibrahim da Saratu da aka yi wa bushara a tsufa, sannan Suratus Shura ta tuna mana cewa bayar da 'ya'ya mata, ko maza, ko haɗawa, ko hanawa, duk ikon Allah ne. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani.

Amma Umra ba hutu ba ce irin na kwanciya a otal. Ɗawafi bakwai ne cikin cunkoso, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kusan kilomita uku, ga zafin da a wasu watanni ya fi na Tamale a watan Maris. Kowa ya tuna aikin Hajjin 2024, inda fiye da mutum 1,300 suka rasu, galibi saboda zafi. Mace mai kumburarriyar ma'ajiyar ƙwai ba ta da abin yi a cikin turereniya. Wadda take tsakanin zagaye kuwa, ta zaɓi watannin sanyi, ta yi ɗawafinta da dare ko a hawa na sama.

Akwai kuma ƙwayar nan ta jinkirta al'ada, Primolut, da mata suke ba junansu a sansanin alhazai kamar goro, domin kada jini ya hana su ɗawafi. Ga mai neman haihuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin likita da ranar farko ta al'ada yake ƙidaya komai, ƙwayar kuma tana taɓa fitar ƙwai. Kada a sha sai da saninsa. Sau da yawa shi da kansa zai iya tsara ranakun ta yadda tafiya za ta faɗo cikin tsarki. Rigakafin sanƙarau da hukumomin Saudiyya suke bukata ana yin sa ne aƙalla kwana 10 kafin isa, kuma ba shi da matsala ga mai neman ciki. Na shawara kuwa daban ne, domin da rayayyar ƙwayar cuta aka yi shi, ana so a jinkirta ɗaukar ciki kimanin wata guda bayansa. Abin farin ciki, tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, don haka mai tsohon katin nan rawaya ta nemo shi a ƙasan akwati kafin ta miƙa hannu a sake yi mata.

Ga masu nufin Umrar Ramadan, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Jidda a 1997 cewa allurar magani wadda ba ta abinci ba ba ta karya azumi, haka ma maganin da ake sawa ta gaba. Wasu malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kan na biyun, don haka a tambayi malamin da aka amince da shi, matafiyi da majinyaci kuma dama Allah ya yi musu rangwame.

Sauro, agogo da firji

Sauran ƙasashe kowace da nata. A 2015 da 2016 cutar Zika, wadda sauro yake yaɗawa, ta bar jarirai da yawa da ƙanƙancewar kai a Barazil, ta kuma ɓulla a tsibiran Kef Bad a nan yammacin Afirka. An samu ɓullarta a wasu jihohin Indiya a 2018 da 2021 da 2024, tana nan kuma a Tailan. Shawarar masana ita ce wanda ya je inda take yaɗuwa, mace ta jinkirta neman ciki wata biyu, namiji wata uku, domin ƙwayar cutar tana daɗewa a maniyyi. Hutun kwana goma ke nan yana iya cin wata uku na magani. Maigida kuma ya lura da nasa jikin: ƙwayoyin maniyyi suna ɗaukar kimanin kwana 74 kafin su kammala, zazzaɓi mai zafi ko yawan shiga ɗakin turiri irin na wankan Turkawa yana iya rage su na tsawon watanni. Kusan rabin matsalolin rashin haihuwa da hannun namiji a ciki, ko da yake a garinmu mace ake fara kaiwa wajen mai magani.

Wadda za ta tafi da magunguna ta riƙe su a jakar hannu, cikin ƙaramar kula mai ƙanƙara, tare da wasiƙar likita da takardar magani. Da yawa daga alluran ana ajiye su ne a sanyin firji, tsakanin digiri 2 da 8, kuma daskarewa tana lalata su kamar yadda zafi yake yi. Jakar da aka loda a ƙasan jirgi tana iya sauka a Adis Ababa mai ita yana Jidda. A kuma zazzage jaka a cire duk wani tiramadol ko maganin tari mai kodin, domin a Dubai shiga da su ba da izini ba yana iya kai mutum gidan yari. Sai lissafin agogo: Makka da Istanbul suna gaban Tamale da awa uku, Dubai huɗu, Indiya biyar da rabi. Maganin da ake sha ƙarfe tara na dare a gida, a Dubai ƙarfe ɗayan dare ne. Lome da Abijan da Wagadugu kuwa agogonsu ɗaya da namu, ko da yake hanyar Paga zuwa Burkina tana bukatar a bincika halin tsaro kafin a kama ta.

Masu haɗa hutu da magani a waje

Wasu sukan ce tunda za a kashe kuɗin jirgi, bari a yi aikin gaba ɗaya a can. Wannan yana yiwuwa, amma a shirya zaman mako uku zuwa huɗu, kuma a san hukuncin addini tun daga gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a 1980 Muftin Masar, Shaihu Jadul Haƙƙ, ya ba da fatawar halascin dashe da sharaɗin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, mahaifar tata ce, kuma igiyar aure tana nan. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta taɓa yarda a 1984 a dasa tayin mace a mahaifar kishiyarta, sai ta janye wannan a 1985 saboda tsoron cakuɗewar nasaba, zaman Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a Amman a 1986 kuma ya tabbatar da haramcin ƙwan aro da maniyyin aro da mahaifar haya. A Masar da Turkiyya da Saudiyya ba a yarda da aro ba, amma a Indiya da Sipaniya da Afirka ta Kudu doka ta ba da dama, har ma a wasu asibitocin kudancin ƙasarmu ana yi. Likita zai iya gabatar da shi cikin kyakkyawar niyya, musamman ga macen da ta haura 40. A karanta takardar amincewa layi-layi, in da hali da tafinta wanda ba ma'aikacin asibitin ba. Tayin da aka bari a ƙanƙara a wata ƙasa kuma, ana biyan kuɗin ajiyarsa duk shekara, kuma ba ya halasta a dasa shi bayan saki ko rasuwar miji.

Maganar kuɗi ba ta da daɗi amma dole a yi ta. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, ba ta ɗaukar nauyin dashe, komai daga aljihu yake fita, sau da yawa daga sayar da fili ko shanu ko sarƙar gwal. Kuma ba kasafai ake dacewa a karon farko ba. Ko a Ingila, matan da ba su kai 35 ba kusan ɗaya cikin uku ne suke haihuwa a kowane dashe, adadin kuma yana sauka sosai bayan 40. Don haka ma'aurata su zauna su auna: kuɗin tafiyar nan, shi ne na zagaye na gaba? Matar da take da shekara 28 tana iya ɗage magani wata uku ba tare da asara ba. Mai 39 kuwa kowane wata yana da daraja, kuma in dangin miji sun fara zancen ƙarin aure, ita ta fi kowa sanin haka.

Wanda aljihunsa ko kalandarsa ba su ba shi ƙasar waje ba, gandun dajin Mole yana nan ƙasa da awa uku a mota daga Tamale, ta Damongo, ga tsohon masallacin Larabanga a bakin hanya. Kwana uku a can, da gidan sauro da waya a kashe, giwaye suna shan ruwa a ƙasan tudu da safe, ba biza, ba canjin dala, kuma in wani abu ya taso, Asibitin Koyarwa na Tamale yana nan kusa.

Kafin a tashi, ko ina aka nufa, a karɓi lambar da za a iya samun likita ko ma'aikaciyar jinya ta WhatsApp, a ɗauki kwafin sakamakon gwaje-gwaje a takarda da kuma a waya, a tambayi ranar da ake so a dawo. Miji da mata kuma su daidaita baki a kan abin da za su gaya wa masu zuwa sannu da zuwa, domin za a zo karɓar dabino da zamzam, kuma cikin masu zuwa ba za a rasa mai tambayar ko an dawo da labari ba. Wannan amsa ta maigida ce, musamman in mai tambayar mahaifiyarsa ce ko 'yar uwarsa.